Awon Rigar Nas

Ranar Asabar ce, ana ta yayyafi tun safe, Goggo ta hawo bene da yadi a leda. Wai kallon fim ta zo, talabijin ɗinta ya lalace. Tela bai yarda ba, don ɗazu ya jiyo shi yana ta surutu.

Gidan nata ne. Ita ta rantse ba za ta ba Tela, ɗan wanta, shagon ƙasa da ɗakunan sama ba sai ya yi aure. Nas kuwa, ma'aikaciyar asibitin bayan layi, wurin kwana take nema kusa da aiki. Ita da Tela suka shirya tsakaninsu, aka ɗaura aure, kowa ya kama ɗakinsa da makullinsa.

Fim ɗin na barkwanci ne, kuma Goggo ce ta zaɓa: wasu sun yi auren bogi don toshe bakin dangi. Tela yana ƙyaƙyatawa, gumi na bin bayansa. Goggo ba fim take kallo ba, su take kallo.

"Ɗan nan, dariyarka ta yi yawa."

"Abin ne da ban dariya, Goggo."

"Amarya, cokali nawa na sukari yake sha?"

"Uku, Goggo," in ji Nas.

Wannan sun haddace, har lambar takalmin juna. Goggo ta turo ledar.

"Na kawo wa 'yata yadi. Auna ta in gani."

Sai hankalin Tela ya kwanta, an zo fagensa. Ya zare tef ɗin awo daga wuya, ya ja da baya, ya miƙa wa Nas bakin tef ɗin, idonsa a kan fanka.

"Hajiya, riƙe nan. Zagaya ƙugu, ki faɗo min lamba."

Goggo ta kashe talabijin.

"Hajiya? Matarka ce ke auna kanta, kai kana ƙirga fukafukan fanka? Ai haka kake wa matan mutane a shago."

"Kunya ce, Goggo."

"Yaushe ka fara? Miƙo makullaina."

Nas ta fashe da dariya, karo na farko tun da aka kunna fim ɗin.

Abin da Tela ya rasa: shago ɗaya, ɗaki biyu, masu kawo ɗinki na layin gaba ɗaya, da Nas, wadda ta koma gidan yayarta da tef ɗinsa a jaka. Ko ƙarshen fim ɗin bai gani ba.