Hula a Kan Sitiyari

Kwana tara garinmu babu ɗigon ruwa a famfo, kuma duk wanda ya gan ni da rigar ma'aikatar ruwa sai ya zagi uwata. To ni na shanye shi? Mu uku muka saura tun da ƙaramar hukuma ta rage ma'aikata: ni, da ƙanena da ake ce wa Burgu saboda babu ramin da ba ya shiga, sai wani dattijo Agogo, wanda ko atishawa ba ya yi sai lokacinta ya yi. Mu ne ruwa, mu ne kwata, motar shara ma in ta maƙale mu ake kira turi.

Saiwar bishiya ce ta fasa babban bututun da ke ƙarƙashin titin kasuwa, ta cunkushe shi. Bututun yana da faɗin da mutum zai yi rarrafe a ciki, in dai mutumin ba mai ci ba ne. Ran kwana na tara muka gano wurin. Da sassafe muka rufe ruwa a mararrabar kasuwa, inda babban kan famfon yake, wani ƙarfe zagaye da muke kira sitiyari. Burgu zai shiga ta wani rami can bayan tasha da fitila a goshi da ɗan gatari. Agogo zai hau tudu ya tayar da inji ya cika tanki. Ni kuma gadin sitiyari.

Muna da doka guda da muka gada wurin babanmu, don shi ma aikin da ya yi ke nan har ya koma ga Allah. Wanda zai shiga ƙasa sai ya cire hularsa ya rataya a kan sitiyari. Muddin hular tana nan, akwai rai a cikin bututu. Ba mai cire ta sai mai ita, da hannunsa. Waya ba ta shiga ƙarƙashin ƙasa, saboda haka babu tambaya, babu aike. In ka zo ka tarar da sitiyari tsirara, buɗe ruwa. Shekara talatin dokar nan ba ta taɓa cin kowa ba.

Hular da Burgu yake sawa ta Baba ce, ta koɗe, maiƙo ya cinye bakinta. Ya rataya ta, ya shafa ƙwaryar kansa.

"Yaya, ka riƙe mini ita da kyau, ta fi ka daraja a gidanmu."

Na ce ya ɓace mini da gani kafin in sa masa ƙafa. Ya tafi yana dariya. Na zagaya sarƙa a jikin sitiyarin na danna kwaɗo. Makulli biyu ne, ɗaya a aljihuna, ɗaya wurin Agogo.

Rana na take tsaka mata suka fara zuwa da jarkoki, don an ji ƙarar inji daga tudu, labari ya bazu cewa tanki ya cika amma mun hana ruwa. Sai masu wanki, sai 'yan tasha. Na yi bayani har bakina ya bushe. Na nuna musu hular, na ce mutum na ƙasa, su ba mu awa biyu. Wata ta ce awa biyun nan tun makon jiya take jin ta. Gaskiyarta kuwa, mun yi ƙarya da yawa a madadin manya, yau da muka zo da gaskiya babu mai saye.

Sai taron ya dare, wani mahauci ya fito. Shekaranjiya aka binne 'yarsa, amai da gudawa, daga shan ruwan kududdufi. Na je masa gaisuwa, bai karɓi hannuna ba. Ya tsaya a gabana idanunsa jajur, ya miƙo tafin hannu.

"Makulli."

Na ce ƙanena yana ciki. Ya ce tasa 'yar ma tana cikin ƙasa, kuma ba ta fitowa.

Marin farko ban ga tahowarsa ba. Na biyun ya haɗa ni da sitiyari, haƙorina ya fita. Na ji hannuwa suna laluben aljihuna, sai na riga su, na zaro makullin na wurga shi cikin kwata ta tsakanin ƙarafa. Kowa ya ji faɗawarsa. Daga nan kuma sai abin da hali ya yi. Bokiti, guga, itacen rumfa, duk abin da hannu ya kai. Wata tsohuwa da na gyara wa famfo kyauta bara ita ta kwaɗa mini murfin tukunya a kunne. Wasu suka kama sarƙa da dutse suna bugu, amma sarƙar ta Baba ce, ba ta yanzu ba. Na rungume sitiyarin da hannu biyu. Mahauci ya juya bayan gatarinsa na sara ƙashi ya sauke mini a yatsu, ɗaya bayan ɗaya, a natse, kamar yana bakin aikinsa. Na yi ihu, ba zan ɓoye ba, har fitsari na saki.

Da na zube, sai ya sa tsinin wuƙa ya ɗago hular. Ya nuna wa jama'a, ya ce wai wannan tsumman ne ya fi 'ya'yansu. Ya yar da ita a ƙasa, ya tofa mata yawu, ya sa takalmi yana murzawa cikin jinina.

Wallahi duk dukan da na sha bai ƙona mini rai kamar wannan ba. Hular Baba! Na ja ciki ta tsakanin ƙafafu, na sa haƙoran da suka rage na cije shi a agara har ya ɗaga ƙafa. Na fizgo ta da hannun da ya saura, na cusa ta cikin singileti, na kife a kanta. Na ce a raina sai dai su kashe ni. Na ji jiniyar 'yan sanda daga nesa, hayaƙi ya fara cin ido, mutane suka watse da gudu. Wani a cikin masu gudun ya yi mini sallama da ƙarfe a ƙeya.

Daga baya aka gaya mini a bayan motar shara aka kai ni asibiti.

Abin da ya farkar da ni da yamma ƙarar ruwa ce. Akwai famfo a kusurwar ɗakin, yana tari yana tofar da jan ruwa, can sai ya saki sosai. Masu jinya suna ta murna a baranda, ana jan bokitai. Na kwanta ina saurare, har na ji daɗi, na ce Burgu ya gama, ɗan banza. Sai na motsa, na ji abu ya tokare ni a ƙirji.

Ban san tsawon lokacin da na yi hannuna yana kan wurin ba. Na so in tashi, ƙafafu suka ƙi. Na so in yi kira, bakin ya kumbura.

Agogo ne ya shigo, jiƙe sharkaf har wuya, laka a gemunsa, da ƙatuwar sufana a hannu. Bai zauna ba. Ya ce ya sauko daga tudu ya tarar da jini da takalma, aka ce masa an kai ni asibiti. Ya dubi sitiyari, babu hula. Ya zagaya ya sake dubawa. Ya ɗauka Burgu ya fito ya karɓi abinsa ya bi ni. Shugaban ƙaramar hukuma kuma yana ta yi masa tsawa a waya, ya saki ruwa kafin a ƙone sakatariya. Sai ya buɗe kwaɗo. Ya ce yanzu suka ciro gawar Burgu ta ramin bayan tasha, gatarin na hannunsa, ya riga ya sare saiwar, ashe yana kan hanyar fitowa ne.

Dattijon da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, sai ga shi ya daka tsawa.

"An ce mahauci ne ya cire hular. Ka faɗa mini da bakinka inda ya kai ta, yau sai na fasa kansa ko a hannun 'yan sanda yake."

Da a ƙasa take kusa da sitiyari, da ya gan ta. Mutumin da ya duba sau biyu.

Na sa yatsu biyun da suka rage mini cikin singileti na jawo ta, na ɗora a kan bargo. Da ɗuminta, don tun rana tana jikina. Agogo ya dube ta, ya dube ni, ya ajiye sufanar a ƙasa a hankali. Famfon kusurwa yana ta zuba, bokitin ya cika yana malala, ba wanda ya tashi ya rufe shi.