Wadda Ta Riƙe Wa Hedimasta Bulala

"Ba zan dake su ba, Yallaɓai."

Malamar Turanci ta mai da hannuwanta baya, ta bar hedimasta tsaye a ƙofar aji da bulalar wayar wuta da yake miƙo mata.

Laifin yaran surutu. A makarantar, shiru ake karanta labari, a amsa tambayoyin da ke ƙasansa, wanda ya faɗi a zane shi. Ita kuwa ta gaji da yara masu kwafe jimla sukutum ba su san abin da ta ƙunsa ba. Sai ta rubuta labarin a kwali, ta yayyanka da almakashi, ta ce su haɗa shi da kansu, ƙarshen kuma ta ɓoye a jakarta. Aji ya kaure da gardamar wanda ya saci akuyar manomi. Har yarinya mai in'ina ta bencin baya, wadda ba a taɓa jin muryarta ba, ta miƙe tana karanto hujjarta da Turanci.

"Kasuwa kika buɗe min?" in ji hedimasta. "Digirin naki na yankan kwali ne?"

"Karatu suke yi, Yallaɓai. Tambayi yarinyar can ka ji."

Bai tambaya ba. Ya finciko yarinyar ya zuba mata waya a gadon baya. Ta kife kan benci, leɓenta ya fashe, jini ya ɗiga a kwalin. Da ya sake ɗagawa Malama ta shiga tsakani. Wayar ta sauka a wuyanta, ta sake sauka a kafaɗa, sannan ta cafke ta ta naɗe a hannu.

"Saki."

"Sai dai ka yanke hannun."

Ya fizga da iya ƙarfinsa, hannunta ya daki gefen tebur. Duk ajin sun ji ƙarar ƙashi. Ba ta saki ba, ba ta zubar da hawaye ba. Da hagu ta zaro ƙarshen labarin ta miƙa wa yarinyar.

"Share bakinki ki karanta musu. Ke kika canka."

Kafin a tashi makaranta an sallami Malama daga aiki. A gida yayanta ya dubi ɗaurin hannunta ya girgiza kai. "Taurin kai ne zai kashe ki."

"Bai kashe ni ba tukuna, Yaya."

Aiki ya tafi, kuma babu makarantar da ta yarda ta ɗauki wadda ta riƙe wa hedimasta bulala. Yatsunta biyu na dama sun warke a karkace. Har yau ba sa riƙe alli.