Shida Bisa Ashirin

Tun Naziru yana ajin farko na lise, wato babbar sakandare, a Tasawa aka daina kiransa da sunan yanka. Wani malami ne, mushe kamar yadda ake ce musu, ya cika allo da lissafi, kafin ya kakkaɓe alli daga hannunsa Naziru ya faɗi amsa. Mushen ya juyo ya dube shi, ya ce, "Kai mutum ne ko kalkilatiris?" Shi ke nan sunan na'urar lissafi ya bi shi har gida.

Babansa, Alhaji Ɗanladi, mai sayen wake da gyaɗa ne a kasuwa. Bai san abin da ake karantawa a lise ba, amma ya san ɗansa ne na ɗaya, kuma duk wanda ya zauna a rumfarsa sai ya sha labarin, ko ruwa kawai ya zo sha. Shi ma Naziru bai ƙi ba. Da ya ci bak, jarrabawar gama lise, da babban sakamako, sai tafiyarsa ta sake, ya riƙa ɗaga kai kamar mai neman jinjirin wata.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa raga masa ba, taubashiyarsa Munira, ɗiyar Gwaggo Safi, ƙanwar Alhaji da ke aure a Mayahi. Sa'anni ne, kuma tun suna yara kowannensu ya nace ɗayan ne bawansa. Ita ma ta ci bak a shekarar, sai dai da kyar, a zagaye na biyu. Ranar da Naziru ya ji wai ita ma lissafi za ta karanta a jami'a a Maradi, ya yi dariya har da tari.

"Ke da kika shigo ta taga?" in ji shi. "Lissafin jami'a fa ba awon dawa ba ne."

"Da kyar na sha ya fi da kyar aka kama ni," in ji Munira. "Mu je zuwa."

Suka tafi. Makon farko Naziru ya ga abin da bai zata ba: lissafin da ya sani ya ɓace. Malamin darasin lissafi da ake kira analiz, wani siririn dattijo mai tabarau, sai ya cika allo ba ka ga lamba ko uku ba, duk haruffa ne da alamomi, wasu a kife, wasu sun juya baya. Ba a kuma cewa a nemo amsa. Amsar ma ana ba ka ita, sai a ce ka nuna dalilin da ya sa haka take. Naziru ya ga wannan ɓata lokaci ne. Abin da ido ya gani, me za a tsaya nunawa? Ya haddace darussan tsaf, kamar yadda ya saba, ya ajiye.

Ita kuwa Munira ta kafa kujera a sahun gaba. Malam bai gama layi biyu ba sai ka ga hannunta a sama. "Mushe, ban gane ba." Ya maimaita. "Mushe, har yanzu ban gane ba." Anfi, babban ɗakin lacca, ya ɗauki dariya, har ɗalibai suka sa mata suna Ban-gane-ba. Naziru da ke can baya sai ya sunkuyar da kai. Da wani ya tambaye shi ko 'yar'uwarsa ce, ya ce, "E to, daga nesa." In ya wuce da yamma ya gan ta a inuwar bishiyar bedi ita da wasu ɗalibai uku suna gardama a kan aiki guda tun azahar, sai ya girgiza kai, ya ji tausayinsu.

Gwajin farko da aka yi, inda aka ce ya nuna dalili, Naziru ya rubuta da Faransanci mai kyau, "Wannan a bayyane yake." Da aka maido takardu ya tarar malam ya ja layi da jan biro ya rubuta a gefe: "Ga wa?"

Naziru ya ce malamin ne ba ya son sa.

Ƙarshen shekara aka liƙa sakamako. Naziru ya fara neman sunansa daga sama, kamar kullum. Ya yi ta sauka, yatsansa na bin takarda, har sai da ya ɗan rusuna. Shida bisa ashirin a analiz. Dole ne ya sake jarrabawar bayan damina, in ya kuma faɗi ya maimaita aji. Munira ta samu sha ɗaya, ta wuce. Tana tsaye kusa da shi, ta ga abin da ya gani, ta juya ta tafi abinta. Wannan ya fi masa ciwo da duk baƙar maganar da ta taɓa yaɓa masa.

Da ya koma Tasawa hutu, Alhaji ya tambaye shi ya karatu, ya ce alhamdu lillahi, bai ƙara ba. Ya shige ɗaki ya rufe ƙofa. Ya karanta darussan daga farko zuwa ƙarshe, ya sake daga farko. Yana iya rera su ido rufe, amma da ya ɗauki aiki guda sai biro ya tsaya cak. Mahaifiyarsa Hajiya Mairo ta lura tuwo na dawowa rabi, ta fara jiƙa masa magungunan shawara.

Wata safiya Alhaji ya kira shi ya nuna masa buhun wake. "Ka kai ma Gwaggonka Mayahi. In ka je ka ɗan kwana biyu, ka taya mijinta noma. Zaman ɗaki ya sa ka yi fari kamar amarya."

Ya isa Mayahi da hantsi, buhu a kafaɗa, gumi sharkaf. Gwaggo Safi na zaune a inuwa tana tsinkar zogale. A gefe guda Munira ta shafe wani ɓangaren bango da baƙin fenti, tana rubutu da alli tana magana ita kaɗai.

"Inna, ga bawana ya kawo kaya," in ji ta, ko juyowa ba ta yi ba. "A ba shi ruwa, kar a ce ba mu iya riƙo ba."

Ya sha fura, ya gaida Gwaggo, ya yi ta kewaye-kewaye. Sai bayan la'asar ya matso kusa da bangon, ya yi gyaran murya.

"Akwai wani abokina," in ji shi, "analiz ta ɗan ba shi wuya. Yana tambaya ko akwai wata dabara."

"Allah sarki. Abokin nan naka, dogo ne, mai kunnuwa kamar faifai?"

Gwaggo ta sunkuyar da kai cikin zogalenta, kafaɗunta na rawa.

"Ka gaya mashi dabara ɗaya ce," in ji Munira. "Shi buɗe baki shi ce ban gane ba. Da ƙarfi, yadda Inna za ta ji."

Naziru ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya dubi ƙofar gida kamar zai koma tasha. Can ya ce wani abu a maƙogwaro.

"Inna, kin ji?"

"Ni dai na ji kamar akuya ta yi atishawa," in ji Gwaggo.

"Ban gane ba!" in ji Naziru, har maƙwabta na iya ji. Abin mamaki, da ya faɗa sai ya ji kamar ya sake sauke wani buhun.

Munira ta miƙa masa alli. Ta ce ya gaya mata abin da ake nufi in an ce jerin lambobi ya nufi wata iyaka. Nan ne gidansa. Ya gyara tsayuwa ya zubo ma'anar da Faransanci, tiryan-tiryan, ko numfashi bai ja ba. Da ya kai aya Gwaggo ta shafa fuska ta ce, "Amin."

"To yanzu da Hausa," in ji Munira.

Ya ce ai Hausa ba ta da kalmomin.

"Hausa na da su. Kai ne ba ka da su."

Ta karɓi allin ta je wurin turmin da ke tsakar gida. Akwai wata kaza tana kiwo tana matsowa wajensa. "Ni na ce kazar can turmi ta nufa, kai ka ce ƙarya ne. To ka zana zobe kewaye da turmin, yadda ka ga dama. Ni kuma sai in nuna maka lokacin da ta shiga zobenka ba ta ƙara fita ba. Ka ji haushi ka rage zoben, in sake nuna maka. In duk zoben da ka zana, komai ƙanƙantarsa, ina da amsa, na ci. In ka samu guda ɗaya da ya gagare ni, ka ci. Kai ne ke fara zaɓe, ni in biyo baya."

Naziru ya tsaya. Ya maimaita ma'anar a zuciyarsa, kalma bayan kalma, wannan karon a hankali. Wanda ke fara zaɓe yana nan. Mai biyo baya yana nan.

"Ai abin da ma'anar ta ce ke nan!"

"Da mi kake tsammani ta ce? Ni ma sai da na tambaya har Mushe ya fara kauce mini a hanya."

Kazar kuwa ta ga an zuba mata ido, ta juya ta nufi bayan rumbu. Munira ta ce wannan ba ta da iyaka, kamar wasu mutanen Tasawa.

Kwana biyun da Alhaji ya ce ya zama kusan duk damina. Da safe Naziru ya bi mijin Gwaggo gona, da yamma ya tsaya a bango, Munira na kan tabarma da ƙoƙon gyaɗa. Duk layin da ya rubuta sai ta ce, "Don mi?" In ya ce ai a bayyane yake, sai ɓawon gyaɗa ya sauka a ƙeyarsa. Da farko yana fushi. Daga baya ya kama kansa yana yi wa kansa tambayar tun kafin ɓawon ya taso.

Ba kullum ita ce a sama ba. In aka zo wurin doguwar ƙididdiga, kafin ta kai rabi ya gama, kuma ya nuna mata gajerun hanyoyin da ba ta taɓa lura da su ba. Ta ce ashe bawa ma yana da ranarsa. Akwai kuma wani aiki da ya tsaya musu su biyun a wuya. Naziru ya ce su nemi amsar a waya su huta. Ta ce in ya duba, amsar ta zama ta waya, ba tasa ba, ya bari ta kwana a kansa. Ta kwana, ta sake kwana. Ran nan Naziru yana tsakiyar gero yana maimai, wato noma na biyu, sai ya yar da hauya ya sheƙo gida da gudu, mijin Gwaggo na kiransa yana tsammani maciji ne. Ya kama alli da hannu duk laka, ya cika bangon, ya juyo yana haki yana jiran yabo.

Munira ta karanta a hankali. Ta ɗora yatsa a layi na uku. "Nan ka raba da abin da zai iya zama sifiri."

Ya duba. Gaskiya ne. Ya zauna a ƙasa dirshan. Amma hanyar da ya ɗauko mai ɓullewa ce, washegari suka toshe ramin tare. Bai taɓa jin daɗin wata amsa kamar wannan da ta ba shi wuya ba.

Da lokacin jarrabawa ya matso ya koma Tasawa. Ya sami Alhaji a rumfa shi kaɗai, ya durƙusa, ya gaya masa gaskiya: ya faɗi darasi guda, shida ya samu, zai tafi ya sake.

"Shida?" in ji Alhaji. "Safi ta ce mani biyar. Ashe ma an samu ƙari."

Naziru ya ɗago kai.

"Kai a ganinka buhun wake sai da rakiya? Direba nawa ke zuwa Mayahi? Tashi ka tafi, Allah shi ba da sa'a. Ka kuma gaya ma uwarka ta daina ɗura maka sassaƙe."

Ya samu sha uku. Malamin mai tabarau ya tare shi a baranda ya tambaye shi wa ya koya masa rubuta dalili. Naziru ya ce wata 'yar'uwarsa ce ta kusa.

Shekara ta biyu da ta uku ba su zo da sauƙi ba. Akwai darasin da ya kusa kayar da Munira, akwai wanda ya sa Naziru ya yi mako yana cewa zai koma sayar da wake. Amma a ƙarshe su biyun suka ci lisansi, wato digiri na farko, maki kaɗan ne tsakaninsu, kuma kowannensu yana da bayanin dalilin da ya sa bambancin ba ya nufin komai.

Ranar da suka baro Maradi da kayansu, mota ɗaya suka shiga zuwa Tasawa. Tun kafin a fita gari gardama ta ɓarke a kan tambayar ƙarshe ta jarrabawa. Ya ce hanyarta ta yi tsawo, ta ce tasa gurguwa ce. Muryoyi suka tashi, Hausa da Faransanci a cakuɗe, hannuwa na zane a iska har ɗankwalin wata mata ya kusa tafiya. Wani tsoho da ke gaba, riƙe da zakara a cinya, ya jure har aka wuce garin Agye, sannan ya taɓa direba.

"Ɗana, waɗannan mata da miji ne?"

"A'a Baba, ɗaliban jami'a ne. Karatu suke."

Tsohon ya waiwayo ya dube su da kyau, ya gyara wa zakaransa zama, ya ce, "To, Allah shi ba su lafiya."