Ranar da Aka Ce Munira Ta Rasu

Munira ta gyara niƙabinta, ta matsa jikin ƙofar motar da ke lodin Jahun a tashar Dutse. Saura mutum ɗaya a cika, amma direban, Mailafiya, ya tsaya yana shan rake.

Ba ta fi awa ɗaya da jin labarin ba. Kwana huɗu suka yi suna ɗaukar fim a cikin duwatsu, jiya sauran 'yan wasan suka kama hanyar Kano, ita kuma zazzaɓi ya tsare ta a gidan ƙawarta Bilki. Motarsu ta faɗi a hanya. Ba wanda ya mutu, amma da safe Bilki ta dawo daga kasuwa, ta ce ko'ina maganar ɗaya ake yi: Munira 'Yar Miga, mawaƙiyar nan ta fim, ta rasu.

Inna, mahaifiyarta, ce ta faɗo mata a rai. Tsohuwar tana Miga da hawan jini, kuma babu waya a garin balle a kira.

Da motar ta tashi, Mailafiya ya tura kaset. Muryar Munira ce ta fito.

"Allah ya jiƙan ki," in ji shi. "Yau ba abin da zan sa sai ke."

Wani dattijo a gidan gaba, mai buhun gishiri tsakanin ƙafafu, ya yi tsaki. "Kashe mana, malam. An ƙaddamar da shari'a, kai kana nan kana kiɗa. Istigfari take buƙata yanzu."

"Alhaji, ai addu'ar nake yi."

Matar da ke kusa da Munira, wadda direban ke kira Hajiya Talatu, ta share ido da gefen mayafi. "Ni na san farkonta. A gidajen biki ta fara, tana 'yar shekara goma sha biyar, tana yi wa masu kiɗan ƙwarya amshi. Can wani mai shirya fim ya ji ta ya kai ta Kano. Fim ashirin da wani abu ta yi."

"Talatin da ɗaya," Munira ta faɗa a ranta.

"An ce ba ta jin komai sai waƙar Indiya," in ji Mailafiya. "Da ita take kwana, da ita take tashi."

"Ba haka ba ne." Maganar ta kuɓuce wa Munira kafin ta ankara. Ta yi ƙasa da murya. "Na ji an ce waƙar da mata ke yi wajen niƙa da daɓe ta fi so. Har rikoda take kaiwa ƙauye, tsofaffi su rera ta ɗauka."

Hajiya Talatu ta juyo ta dube ta. "Kin san ta ne, 'yan mata?"

"Garinmu ɗaya."

Ta so ta ɗaga niƙabin kowa ya huta. Amma ta san abin da zai biyo baya: a tsayar da mota a Kiyawa, a taru, a yi ta salati, rana ta yi. Ta juya tana kallon gonakin gero suna wucewa. Can sai ta ji dattijon gaba ya ce, kamar da kansa yake magana, "'Yata ta haddace waƙoƙinta kaf. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

A Jahun ba ta jira mota ba, ta hau babur. Hanyar Miga duk ramuka ce, zazzaɓin kuma ya dawo, amma sai cewa take, "Ƙara wuta, don Allah."

Tun daga nesa ta hango maza tsaye cirko-cirko a ƙofar gidansu. Yayanta Abdulrauf yana tsakiyarsu da jaka a kafaɗa. Ta yaye niƙabin.

"Yaya!"

Jakar ta faɗi. Ya yi salati har sau uku, ya kama hannunta yana jujjuyawa kamar mai duba kaya.

"Ina Inna?"

"Tana ciki. Ba ta sani ba." Ya sunkuya ya ɗauki jakar. "A kasuwar Jahun na ji. Na hana kowa faɗa mata sai na je Kano na gani da idona. Yanzu zan tafi ke nan."

Munira ta jingina da bangon zaure. Sai da ta goge fuska sosai sannan ta yi sallama.

Tsakar gidan cike take da matan unguwa, sun yi jugum a kan tabarmi, ba mai kallon wata. Inna na tsakiya da faifai a cinya tana ɓarar gyaɗa. Suna ganin Munira, wata ta ƙwalla ƙara, wata ta fashe da kuka, biyu suka taso suka rungume Munira har mayafinta ya zame.

Inna ta ajiye faifan, ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"To, yanzu na gane," ta ce. "Tun hantsi suka cika mini gida, na yi tambaya na gaji. Ashe sun san kina tafe, ni kaɗai aka ɓoye wa."



Munira ta durƙusa a gabanta. Inna ta taɓa goshinta da bayan hannu, ta ɓata rai.

"Jikinki da zafi. Ke ba ki iya aiko da saƙo ba? Da na yanka miki zakara." Ta juya wajen matan. "Ku kuma ku bar koke-koken nan, kamar yau kuka fara ganin ta. Wata ta tashi ta ɗora ruwa."