Filogin Sakatariya

Ran da kwamfutar ta ƙi tashi, Mai Mita ya riga ya zuba shayinsa ya ja kujera. Ya danna maɓalli kamar kullum, fankar ciki ta fara juyawa, sai akwatin ya yi ƙara sau biyu, allon ya tsaya baƙi ƙirin da wasu 'yan layukan farin rubutu. Ya zauna yana jira har shayin ya huce, ba ta ƙara gaba ba.

Shekara talatin ya yi yana bin gidaje yana karanta mitar lantarki, shi ya sa sunan ya bi shi har bayan ritaya. Kwamfutar kuwa ta matarsa ce, wadda kowa ke kira Sakatariya saboda aikin buga takardu da ta yi a ofis. Wata goma sha huɗu ke nan da rasuwarta. Shi abu ɗaya tak ya iya yi da na'urar: buɗe wani fayil da ke kusurwar allo. Wata rana tana gwada sabon makirufo ta naɗi muryarta, minti ɗaya da ɗoriya. Tana cewa ɗaya, biyu, ɗaya, biyu, sai ta juya tana yi masa faɗa don ya sake barin jiƙaƙƙen tawul a kan kujera, ta ƙare da dariya. Duk duniya ba shi da muryarta sai a nan, kuma da ita yake karya kumallo.

A jikin bango akwai takardar da ta manna masa da rubutun hannunta, don ta san halin mijinta da na'ura. Ya sa tabarau ya bi ta layi-layi. Ya durƙusa ya matsa kowace waya. Ya cire firinta. Ya kashe, ya ƙirga talatin a fili, ya kunna. Ƙara biyu, baƙin allo. Layi na ƙarshe ne kawai ya tsallake, wanda ta ja wa layi biyu a ƙasa: kada a zare filogi daga bango.

Kan wannan filogin sun sha rigima. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana kallon mita na juyawa ba ya iya ganin abu a jone banza. Ita kuma ta ce 'yar koriyar fitilar da ke bayan akwatin ba za ta talauta kowa ba, ya bar mata kayanta. Da ta rasu, ya ci rigimar ba tare da abokin gardama ba. Kowace yamma yakan zare, da safe ya mayar.

Ya kira ɗansu da ke aiki a wani gari. Ɗan yana tsakiyar taro, ya yi ƙasa da murya ya ce ai kwamfutar nan ta ci zamaninta, Baba ya yi haƙuri, zai aiko masa da sabuwa. Mai Mita ya sa masa albarka ya ajiye waya. Ina zai iya gaya wa ɗan cikinsa cewa faɗan tawul yake son ji? Kunya ta hana shi.

Sai ya naɗe akwatin a tsohon bargo, ya rungume shi ya sauka bene, yana hutawa a kowane hawa. Shagon mai gyara yana bayan tashar mota, ɗan ƙuntataccen ɗaki cike da gawarwakin firintoci. Mai gyaran, wani mai furfura a gemu da ba ya son dogon zance, ya jona kwamfutar da allonsa, ya karanta farin rubutun, ya kwance murfi. Ya busa ƙura, ya sa farce ya ɓamɓaro wani ɗan batir mai faɗin maɓallin kwat.

"Baba, kana zare ta daga wuta ne?"

Mai Mita ya ce kullum, har da ɗan alfahari.

Mai gyara ya gyaɗa kai. Ya ce wannan batirin shi ke riƙe wa kwamfuta lokaci da saitinta in babu wuta. In tana jone, hutawa yake. Dama ya tsufa, amma zarewar nan ta kullum ita ta ƙarasa shi. Yanzu ta manta komai, agogonta ya koma shekarar da aka ƙera ta. Ya sa sabo, ya shiga saiti, hannunsa a kan madannai ya tambaya ba tare da ya ɗago ba:

"Yau nawa ga wata?"

Mai Mita bai sani ba. A kusurwar allon nan yake ganin kwanan wata kowace safiya, kuma ba wanda ya tambaye shi tun da daɗewa. Mai gyara ya dube shi, ya ciro wayarsa ya duba, ya saita kwanan watan.

Kwamfutar ta tashi. Fayil ɗin na nan a kusurwarsa. Mai gyara ya ce ko a gwada sauti, Mai Mita ya yi saurin cewa a'a, sai ya je gida.

A gida ya mayar da kowace waya mazauninta. Ya danna. Ɗaya, biyu, ɗaya, biyu. Ta yi faɗanta, ta yi dariyarta, ɗakin ya koma shiru. Ya sake kunnawa, abin da bai taɓa yi ba, don ya yi wa kansa doka sau ɗaya a rana.

Da yamma ya yi zagayensa na kullum. Ya kashe fanka, ya zare rediyo, ya zare butar lantarki. Ya zo bayan tebur ya sunkuya, hannunsa ya kama filogin da kansa. 'Yar koriyar fitilar na ci. Ya daɗe a sunkuye har bayansa ya fara ciwo, sannan ya saki.

"To, Sakatariya," ya ce, "ke ce da gaskiya."

Shekara da shekaru ta so ta ji wannan daga bakinsa. Ya ɗan tsaya kamar mai jiran amsa, sannan ya ɗauke tawul ɗinsa daga kan kujera ya kai banɗaki ya rataye.