Aksil a Kan Ƙirjin Idrisu

Tun da aka shiga kamen masu aikin da ba shi ne a rubuce a iƙamarsu ba, wato takardar izinin zaman baƙi a ƙasar Larabawa, kowane gareji a Gubaira ya ƙirƙiro tasa dabarar. A inda Maikano yake aiki, dabarar farar jallabiya ce rataye a ƙusa bayan ƙofa. Da an ji fito daga bakin layi, wanda takardarsa ba ta dace ba sai ya wanke hannu da fetur, ya zura jallabiyar, ya harɗe a benci da kofin shayi yana tsaki kamar direban da aka ɓata wa lokaci.

Maikano ya ƙware a wannan wasa, don iƙamarsa direban gida ta ce. Kafilinsa, ubangidan da ya kawo shi ƙasar, ya daɗe da sayar da motar da aka ɗauko shi dominta, ya ce ya je ya nemi na kansa. Da kanikanci yake riƙe da matarsa Safiyatu da 'yarsu Hajar a wani ɗaki a Ulaisha. Idan aka same shi da sufana a hannu, jirgi za a saka shi, kuma babu dawowa. Wannan tunanin ne yake hana shi jin daɗin abinci tun watan jiya.

Ranar Talata da hantsi suna kan wata tsohuwar Kamaro ja, motar tsere irin ta da, wadda mai ita yake lallaɓawa kamar jaririya. Aksil ɗinta na baya, ƙarfen da ke riƙe da tayoyi, ya fara kuka, an samo wani a wurin masu fasa tsofaffin motoci. Sun ɗora motar a kan ƙafafun ƙarfe, sun sauke tsohon, sun turo sabon a kan jak. Idrisu, babban makanikensu, mutumin Gumel mai tumbi, wanda takardarsa ke daidai, ya kwanta rigingine ya kutsa ƙarƙashi da ƙyar. Motar ƙasa-ƙasa ce, ba a yi ta don masu son tuwo ba.

Jak ɗin nan kuwa, Allah wadaran sa. Yoyon mai yake yi, kuma tun azumin bara mai garejin ke cewa gobe zai sayo sabo. Muddin ba a danna hannunsa a kai a kai ba, sai ya riƙa sulalewa ƙasa da duk abin da ke kansa. Aikin Maikano ke nan yau, ya durƙusa a bayan mota yana dannawa, aksil ɗin da maza huɗu suka sha wuyar ɗagawa yana reto saman ƙirjin Idrisu.

"Ɗaga kaɗan," in ji Idrisu daga ƙasa. "Gefen dama ya shiga. Saura hagu."

"Ka yi sauri, Yaya Idi, hannuna ya fara sagewa."

"Me ka ce?"

Maikano bai maimaita ba. Ƙarar injin yankan ƙarfe ta cinye kunnen Idrisu tuntuni, ga kuma kwamfiresa tana ruri a kusurwa.

Sai aka yi fito.

Mamane mai fenti ya yar da abin feshinsa ya haura katangar baya. Wani ɗan Bangaladash ya bi shi da takalmi ƙafa ɗaya. Maikano ya dubi bayan ƙofa, jallabiya tana nan, ga galan ɗin fetur a ƙarƙashinta, kusa ƙwarai. Ya saki hannun jak ya miƙe.

Bai kai ga ɗaga ƙafa ba ya ji ɗan sautin nan, siii. Aksil ya fara sauka.

"Kai! Maikano! Kashe ni za ka yi?"

Ya koma ya danna, ya danna, har ƙarfen ya sake tashi. Ya leƙa ƙasa. Hannun Idrisu na hagu yana cikin matsatsin da ke tsakanin aksil da jikin mota har gwiwar hannu, yana lalube da noti. Gefe ɗaya kawai aka ɗaure. In ya ce masa ya fito, da wannan tumbin sai an ƙara ɗaga ƙarfen, kuma shi ɗin dai ne zai ɗaga. In ya ce masa an zo kame, Idrisu mutum ne mai firgita, zai fizge hannu aksil ya goce daga kan jak. Ya waiga ko akwai wanda zai karɓe shi. Babu kowa, sai kofin shayin Mamane yana tururi.

Haushi ya turnuƙe shi. Ya zagi jak, ya zagi mai gareji, ya zagi mai Kamaro da ubansa. Har Idrisu bai tsira ba, shi da ke kwance hankali kwance da takarda mai kyau a aljihu. Ya tuna Hajar da safe tana masa gyaran Larabci tana dariya, yarinyar da ba ta san kowa ba a Kano. Hannunsa dai bai daina dannawa ba.

Inuwa ta rufe ƙofa. Mutum biyu ne, babba da yaro, sanye da kaki.

"Iƙama," in ji ƙaramin.

"Daƙiƙa, don Allah," Maikano ya faɗa da Larabci, bai ɗago ba. "Akwai mutum a ƙasa."

Ƙaramin ya matso zai kama kafaɗarsa. Babban ya tare shi, ya sunkuya ya leƙa, ya ga ƙafafun Idrisu da ƙarfen da ke samansa. Ya dubi man da ke ɗiga daga jak. Sai ya ja baya ya harɗe hannuwa, suka tsaya suna kallo. Da ma ihu suka yi masa, da ya fi masa sauƙi. Kowace dannawa da ya yi a gabansu shaida ce a kansa, kuma ya sani.

"Ɗaga kaɗan! Yawwa. Riƙe nan."

Ya riƙe. Aka ji ƙarar sufana, sau da yawa, kamar ba za ta ƙare ba.

"Ta zauna! Saki!"

Maikano ya saki. Jak ya sulale ƙasa shi kaɗai, aksil ya tsaya cak a wurinsa. Idrisu ya jawo jiki ya fito yana haki yana dariya, yana cewa wallahi yau Maikano ya kusa mayar masa da mata mai takaba. Ya ɗago ya ga kaki. Dariyar ta tsaya. Ya dubi garejin da babu kowa, ya dubi Maikano, baƙin mai har gwiwar hannu.

Maikano ya ciro iƙamarsa ya miƙa. Babban ya karanta, ya girgiza kai a hankali, ya nuna masa motarsu.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?" in ji Idrisu.

"Da ka ji ne?"

A bakin ƙofa ya juyo, ya yi magana da Hausa, da ƙarfi yadda kurma zai ji.

"Yaya Idi, ka je gidana da kanka, kada ka yi waya. Ka bari sai Hajar ta ci abinci kafin ka faɗa musu."