Gadar da Babana Ya Saƙa

Babana, Ashu, shi ke saƙa gadar da muke haye kogi da ita. Kowace shekara kafin ruwa ya cika yakan shiga daji ya yanko kwagiri, wata doguwar igiyar daji mai ƙarfi, ya sabunta gadar. A garinmu wanda ya saƙa gada shi ke fara hayewa, kowa na kallo.

Bara ƙanensa Tambe ya sayar wa masu gonar manja dajin. Suka sare komai, kwagiri da tukurwa da sauran danginsu, suka jera kwakwar manja iri ɗaya har iya ganin ido. Baba ya kwana huɗu yana yawo bai samo kwagiri ko ɗaya ba.

"Ga rassan kwakwa nan jibge," in ji Tambe a gaban jama'a. "Ai duk dangi ɗaya ne, Yaya. Ko tsufa ne ya kama hannun?"

"Wannan ba ya ɗaukar mutum," Baba ya ce.

"To ka ce mana ka kasa, mu ba wani."

Aka kwashe da dariya. Baba ya saƙa da abin da aka ba shi. Ni ke miƙa masa, ina jin zaren yana tsinkewa a hannuna, amma kunyar dattawa ta hana ni buɗe baki.

Ranar hayewa, yana kaiwa tsakiya gadar ta tsinke. Sai bayan kwana biyu aka tsamo gawarsa.

A wajen makoki Tambe ya gaya wa baƙi cewa dama aikin yayansa ya daɗe da lalacewa. Sannan ya miƙo mini ƙwaryarsa in ƙaro masa bammi, na ƙaro.